Kawarar da Na Mayar Ruwa

Na san abin da 'yan uwanku na tunga suke faɗa a kaina, don ni ba kurma ba ne. Sun ce a shekarar da Yaya Bawa ya rasu na yi kwana arba'in ban taka gidansa ba, wai don na je ƙasar Turawa na dawo da girman kai, ƙarnin kifi ya fara damuna. Ku ma, 'ya'yana, na ga alamar kun yarda da rabin maganar, kunya ce kawai ta hana ku tambayata. To kwana arba'in ɗin gaskiya ne, har da biyu a kai. Amma ba ƙarnin kifi ba ne ya hana ni zuwa. Yaya ya san dalili, ya rufa mini asiri har ya koma ga Mahaliccinsa, ko matarsa Gwaggo Ladi bai gaya wa ba. Yanzu da gwiwata ta fara ƙin shiga kwalekwale, gara in tona kaina da hannuna, kada ku gaji labarin da ba shi ne ba.

Gidanmu gidan masunta ne tun kaka da kakanni, kuma muna da wata al'ada wadda ko suna ba ta da shi. Ranar da yaro ya kama kifinsa na farko da hannunsa, komai ƙanƙantarsa, ba a sayar da shi, ba a haɗa shi da na banda. Yaron ne zai ɗauko shi ya kawo wa ubansa, a dafa shi shi kaɗai a tukunya, uban ya ci kan, ya sa wa yaron albarka, dattawan unguwa su kurɓi romon. Daga ranar ya zama ɗan ruwa, in manya suna zancen kogi yana iya sa baki. Ni ban taɓa kawo wannan kifin ba. Ina yaro ina fama da ciwon ƙirji, sai Baba ya ce wannan ƙirjin ba na ruwa ba ne, a kai ni boko. Bai daɗe da faɗar haka ba ya rasu. Shekara na zagayowa aka tare kogi a Kainji, ruwa ya taso a hankali ya cinye ƙauyenmu, aka kwashe mu zuwa tudu ina ɗan shekara tara. Yaya Bawa, wanda ya girme ni da shekara goma, shi ya zama uba, ya riƙe maganar Baba fiye da yadda Baban zai riƙe ta. In na taɓa filafili sai ya buge mini hannu ya ce in je in ɗauki littafi.

Haka na zama malamin makaranta a Yelwa, na yi shekara talatin da biyar ina shaƙar alli, ɗan masunci da ake cuta a kasuwar kifi. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ni ko rarrafen ban yi ba. Ni da Yaya ba mu taɓa faɗa ba, da ma mun yi. Malam yake kirana. In na je tungarsa ta wajen Wara, sabuwar tabarma ake shimfiɗa mini, a zaɓo mini tsokar kifi marar ƙaya, shi da 'ya'yansa su koma gefe suna zancen taru da iska da wuraren da ruwa ya ja, in na matso sai su juya zancen zuwa makaranta don su girmama ni. Abin yana mini ciwo ƙwarai, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba, don ba a ƙarar mutum a kan ya karrama ka.

Shekarar da na ajiye aiki ce 'yar uwarku Safiya ta haifi ɗanta na fari a can arewacin Birtaniya, inda mijinta yake aikin asibiti, suka aiko mana da takardu ni da Innarku. Ita Innarku ta sami aikin yi, ga jariri ga mai jego. Ni kuwa sai zaman taga, na naɗe da bargo kamar kazar da ruwa ya doka. A tagar nan na fara ganin maƙwabcinsu, wani dogon tsoho, tsaye a kan ciyawar bayan gidansa riƙe da siririyar sanda da ta fi shi tsawo, yana kaɗa ta gaba da baya, wani zare mai kauri yana bin ta a sama yana lanƙwasa yana miƙewa. Babu ruwa, babu kifi, babu kowa. Kwana uku ina kallonsa, na yanke hukuncin cewa bawan Allah yana da ɗan taɓi. A na huɗu na sa rigar sanyi biyu na fita da Turancina na aji shida, na tambaye shi lafiya. Ya yi dariya ya ce fatsa yake koya wa hannunsa kada ya manta. Sunansa ya ƙi zama a bakina, sai na sa masa Dogo, ya kuma amsa. Tsohon mai raba wasiƙu ne, matarsa ta rasu, ba shi da kowa sai kogi.

Ya buɗe mini wani ɗan akwati, na ga ƙwari jere a ciki, ƙanana da manya, na ja da baya. Ashe ba ƙwari ba ne, ƙugiyoyi ne aka naɗe da zare da gashin tsuntsu har suka zama kamar masu rai. Ya ce akwai wani kifi mai ɗigo-ɗigo a kogunansu, tirawut suke ce masa, wanda yake tasowa sama ya ɗauki ƙwaron da ya faɗo kan ruwa. Ba tana ake sa masa ba, ba ƙullin tuwo ba, yaudararsa ake yi da gashi. Da yake ƙwaron ƙaryar ba shi da nauyin da za a jefa shi, nauyin a jikin zaren yake, zaren ake jefawa, shi ya kai ƙwaron. Na ce ni ɗan masunta ne, ban taɓa jin irin wannan wahalar ba. Ya ce ai ke nan zan koya da wuri. Ban gaya masa ban taɓa kama ko ɗan tarwaɗa ba.

Mako guda muka yi a kan ciyawa, da guntun ulu a bakin zaren maimakon ƙugiya. Ni dai bulala na sani, shekara talatin da biyar ba wasa ba, don haka da na ɗaga sandar sai in zabga ta gaba, zaren ya yi ƙara ya cukuikuye a ƙafata. Dogo ya ce laifina ɗaya ne, ba na jira. In ka kai sandar baya, dole ka tsaya zaren ya gama miƙewa a bayanka, sannan ka tura shi gaba a hankali. Ya ce in sami wata kalma da zan riƙa faɗa a tsayawar nan. Na gwada Bismillahi, sai ga shi ta yi daidai, ba ta yi tsawo ba, ba ta gaza ba. Ranar na ga zarena ya tafi a sama ya kwanta a kan ciyawa a miƙe, na ji wani daɗi da rabona da shi tun ina yaro.

Sai ya kai ni kogin. Ku da kuka tashi a bakin namu ba za ku kira shi kogi ba, in mutum ya yi tsalle uku ya haye. Amma ruwan fari ƙal, kana ganin duwatsun ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ga sanyi kamar an fito da shi daga firji. Ya sa mini wandon roba har ƙirji. Ni ina ɗokin jefawa, shi kuwa ya nemi dutse ya zauna, ya ce mu fara duba abin da kifin yake ci yau. Mun fi rabin awa a zaune muna kallon ruwa. A nan na fara ganin abin da ban taɓa lura da shi ba duk da an haife ni a bakin ruwa: ƙananan ƙwari suna fitowa daga cikin ruwan, su tsaya a kansa su shanya fikafikai, ruwa ya tafi da su, can sai wani ɗan zobe ya buɗe a hankali, ƙwaro ya ɓace. Ban ga kifi ba, zoben kawai na gani. Ranar na kama hulata, na kama reshen itace sau uku, na kama bayan rigar Dogo.

Shi kuwa ya kama. Na ga ya jawo kifin a hankali, ya jiƙa hannuwansa kafin ya taɓa shi, ya zare ƙugiyar da yatsa biyu, don tun a gida yake danne mata haƙori saboda ta fita da sauƙi. Kifin yana da kyau, bayansa ruwan zuma da ɗigon ja da baƙi. Ina lissafin yadda Innarku za ta soya shi, sai na ga Dogo ya mayar da shi cikin ruwa, ya tallafe shi a tafin hannu yana fuskantar inda ruwa yake zuwa, har ya dawo hayyacinsa, ya kaɗa wutsiya ya tafi. Na tambaye shi ko kifin yana da guba ne, ko hukuma ce ta hana.

"Babu ko ɗaya," in ji shi. "In na cinye shi yau, gobe wurin wa zan zo?"

Da farko haushi na ji, don a wurinmu wanda Allah ya ba kifi ya mayar ya raina arziki. Amma na ga abin sau da yawa a makonnin da suka biyo, har ya shiga raina. Yadda kifin yake kwanciya a hannun tsohon nan na ɗan lokaci, ba a ɗaure ba, sannan ya zame ya tafi, shi na riƙa gani in na rufe ido. Na so in ji haka a tafin hannuna ko sau ɗaya. Sau ɗaya tak wani ya ɗauki ƙwarona, na fizga da ƙarfin malamin makaranta, siririn zaren bakin ya tsinke. Haka na baro ƙasar ban kama komai ba. Da za mu taho Dogo ya ba ni tsohuwar sandarsa a cikin kwaroronta, da akwatin ƙwari, da 'yar na'urar da ake maƙale ƙugiya a naɗa mata gashi.

A Yelwa na zama abin kallo. Da sassafe nakan je filin ƙwallon makarantar da na bari in yi ta jifa a kan ƙasa, malaman da na horar suna gaishe ni daga nesa suna sunkuyar da kai. Innarku ta ce girma ya faɗi. Na ce gemu ba ya hana ilimi, ta ce amma yana hana wasa da sanda a gaban jama'a. Da na koma bakin ruwa abin ya fi muni, don ruwanmu ba fari ba ne, kifinmu kuma bai san ƙwarin Turawa ba. Rani guda na yi ban ga ko zobe ɗaya ba. Matan da suke banda a bakin gaɓa suka sa mini suna Mai Bulalar Ruwa, wata tsohuwa a cikinsu kullum sai ta tambaye ni.

"Malam, mi ruwan ga yay yi maka kaka ta dukan shi tun da sahe?"

Labari ya kai tunga. Wata ranar kasuwa sai ga Yaya Bawa a zaurena, da sandarsa da 'yar jakarsa. Na ɗauka faɗa ya zo yi mini, na fara shirya hujjoji. Sai ya ce in kawo abin ya gani. A lokacin idonsa ya yi rauni, da yatsu yake gani. Ya shafa sandar daga gindi har tsini, ya lanƙwasa ta ya saki, ya ja zaren ta tsakanin yatsunsa, sannan ya bi ƙwarin nan ɗaya bayan ɗaya yana murzawa a hankali.

"Wanga ba abincin kihinmu ba na," in ji shi. "Jira ruwan hwari shi sauka. In gina ta hito, kawara na tasowa bisa tana ɗauka kamar kaji sun ga tsaba. Samo gashin zabo."

Ya kuma tambaye ni wa ya cire wa ƙugiyoyin haƙori. Na ce haka Turawa suke yi. Ban faɗa masa dalili ba, kuma na san abin da ya sa ban faɗa ba.

Kwana biyu ya yi a gidana, abin da bai taɓa yi ba. Innarku ta samo gashin zabo a maƙwabta, ta ba ni zaren da take ɗinkin hula, muka zauna a zaure ni da shi. Shi yake faɗar yadda gina, ƙwaron nan da yake fitowa daga suri bayan ruwan sama, take: jikinta gajere mai ruwan ƙasa, fikafikai huɗu dogaye da suke shimfiɗewa in ta faɗa ruwa, ba a tsaye ba kamar na ƙwarin akwatina. Ni nake naɗawa in miƙa masa, ya shafa ya ce ta yi ƙiba, ko fikafikan sun yi gajarta, in kwance in sake. Ta bakwai ce ya riƙe ya daɗe, sannan ya ce in shi kawara ne da ya ci. Yana faɗa yana ba ni labarin ruwa, inda kawara take kwana, yadda take bin inuwa, irin zancen da ake yankewa in na matso. Shekarata sittin da ɗaya, ranar ce na fara jin ni ƙanin wani ne. Na yi murna har na kasa cin abinci.

Ruwan fari na damina ya sauka da hantsi wata Laraba, kafin azahar aka kira ni a waya daga tunga aka ce Yaya ya ce in taho yanzu. Na isa bayan la'asar. 'Ya'yansa sun so su tuƙa mu da jirgin inji, ya ce a'a, ƙaramin kwalekwale zai ɗauka, mu biyu kawai. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya, ido ba ya gani sosai, amma da ya kama filafili sai ka ce jikinsa ne ya ƙaru. Ruwan ya kwanta luf bayan hadari, sama ta wanke, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana bin mu har tsakiyar tafki. A wannan lokaci na shekara ruwa yakan ja baya, kawunan matattun itatuwa su fito. Yakan tambaye ni ina dutsen Ngaski yake, dama ko hagu, in faɗa, ya gyara. Muka yi ta tafiya har muka zo wani baƙin kututture mai rassa biyu da ya leƙo sama da ruwa, ya kai hannu ya dafa shi kamar mai gaida tsoho.

"Ka gane wurin ga?"

Na ce a'a.

"Ƙiryar ƙohwar gidanmu ta. Nan ƙasa ɗakin Inna, can gabas kaɗan Baba shike kwance."

Na leƙa ruwan. Ba a ganin komai sai fuskata da gajimare, amma na rantse muku na ga gidan. Na ga zauren da muke cin tuwo, da turmin Inna a gindin ƙirya, da komar Baba a shanye kan danga, da 'yar hanyar da take gangarawa mashaya. Na ga kifaye suna shiga ta ƙofar ɗakinmu suna fita ta taga, ba mai korarsu. Shekara hamsin da biyu ina zaton ƙauyen nan ya tafi, ashe yana nan inda muka bar shi, ruwa ne kawai a kansa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Yaya bai katse ni ba, yana riƙe da reshen don kada mu gusa.

Sai gina ta fara zuwa. Daga gaɓa take tasowa, iska tana kawo ta, da ɗaya-ɗaya, can sai ta cika sama, fikafikanta suna ƙyalli a rana mai faɗuwa. Tana sauka a kanmu, a kan kwalekwale, a kan ruwa. Na ji wani ɗan sauti kamar ana tsotsar baki, na duba, zobe ya buɗe. Wani ya buɗe kusa da shi. Kafin in ɗaura ginata ruwan gaba ɗaya ya cika da zobba suna shiga juna. Yaya ba ya ganinsu amma yana jinsu, yana nuna mini da haɓa inda manyan suke. Jifan farko zaren ya zube a gaban jirgi. Na biyu ya kama ƙiryar, Yaya ya lalubo ya cire. A na uku na kai sandar baya, na ce Bismillahi har ƙarshenta, na tura. Zaren ya tafi ya miƙe, ginar gashin zabo ta sauka a tsakiyar 'yan uwanta na gaskiya, ni kaina na kasa bambanta ta. Zobe ya buɗe a wurin. Wannan karon ban fizga ba, ɗaga sandar kawai na yi, na ji rai a ɗaya bakin zaren.

Kawara ce, ta fi tafin hannu da rabi, fara sol da jan wutsiya. Ta yi tsalle sau biyu, ta shiga ƙarƙashin jirgi ta fito. Yaya yana dariya, irin dariyar da ban taɓa ji a bakinsa ba, yana cewa in bi ta a hankali. Na jawo ta gefe, na jiƙa hannuna, na tallafe ta. Ƙugiya marar haƙori ta fita da kanta. Na ji zuciyarta, ko tawa, tana bugawa a tafina. Yaya ya jawo wata 'yar ƙwarya daga ƙarƙashin mazauninsa ya miƙo ta wajena da hannu biyu.

"Kawo shi nan, Malam. Kawo."

A nan ne nake so ku saurara, don nan ne gaskiyar take. Ban manta da al'adar gidanmu ba. Na tuna ta sarai. Amma na ce a raina wannan abin yara ne, Baba ya fi shekara hamsin a ƙasa, ni kuma tsoho ne mai jikoki, ga kawara cike da ruwa, yanzu zan kama wata in ba shi. Abin da na yi wata da watanni ina mafarki shi ne a hannuna. Sai na sunkuya na mayar da ita ruwa, na buɗe yatsuna. Ta tsaya kaɗan a kan tafina, ba a ɗaure ba, sannan ta nutse ta yi ƙasa wajen gidanmu. Daɗin da na ji ya kai yadda na zata, ba zan yi muku ƙarya ba. Bai wuce numfashi uku ba.

Yaya ya ji ƙarar ruwan. Ya tambaya ko ta suɓuce, na ce a'a, ni na sake ta, haka ake yi, yanzu zan kamo wata. Ya mayar da ƙwaryar inda ya ɗauko ta, ya saki reshen ƙirya, ya kama filafili ya juya kan jirgi. Na roƙe shi mu ƙara ko jifa ɗaya, kamar da itace nake magana. Muka bar zobban nan a bayanmu suna ta buɗewa.

Sai da muka iso gaɓa gab da magariba na gane girman abin da na yi. An share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, dattawan tunga biyar suna zaune. Gwaggo Ladi ta hura wuta, ta ɗora 'yar ƙaramar tukunya, ta daka yaji. Tun da ruwa ya sauka Yaya ya gaya musu yau ƙaninsa zai kawo kifinsa na fari. Ta taso da fara'a ta tambaya ina kifin. Na buɗe baki, Yaya ya riga ni.

"Ruwa bai ba mu ba yau."

Dattawa suka ce sai wani jiƙon, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Aka sauke tukunya. Na yi sallah a bayansa, na hau mota na dawo Yelwa ban iya kallon fuskarsa ba.

Daga nan kwanakin suka fara. Na rantse a raina ba zan koma tunga hannu wofi ba. Amma gina kwana biyu take yi ta wuce, ruwa ya yi ja da laka, kawara ta koma ƙasa. Kullum ina bakin gaɓa daga asuba har hantsi, na naɗa fara, na naɗa tururuwa, na naɗa abin da ni ma ban san sunansa ba, babu. Innarku, da ba ta san abin da ya faru ba amma ta san wani abu ya faru, ta ce in sayi kifi a kasuwa in kai masa in kifi ne matsalar. Na ce ba ta gane ba. Ta ce to in je haka nan, ɗan uwa ba ya bukatar guzuri. Na ce gobe. Kunya ce da taurin kai, ni kuma na sa musu sunan alkawari. Ko da aka aiko cewa Yaya yana jin jiki, aka ce zazzaɓi ne, na ce bari in ƙara kwana biyu ko Allah zai sa a dace.

A rana ta arba'in da biyu, a wani lungu da ruwa ya kwanta a bayan ciyawa, wata 'yar kawara da ba ta kai tafin hannu ba ta ɗauki farata. Ban jiƙa hannu ba, ban tsaya kallonta ba. Na naɗe ta a ɗanyen ganye na nufi tasha da rigar da take jikina.

Na same shi kwance a ɗaki, ya rame har na tsorata. Ashe ba zazzaɓi ba ne kawai. Na durƙusa na sa masa ganyen a hannu. Ya buɗe, ya shafa ta daga kai har wutsiya, ya kai hanci.

"Na nawa na?"

"Na biyu ne, Yaya."

"Na sani. So nike in ji ka hwaɗi."

Ya kira Gwaggo Ladi ya ce ta ɗora ƙaramar tukunya, a kira dattawa. Kafin su zo ya sa na tayar da shi na jingina shi da bango, ya yi magana a hankali yana hutawa.

"Ina nan kwance na yi ta tunani. Nac ce, Bawa, kai wane na da za ka ci kan kihin hwari? Na uba na. Kuma ƙohwar mai shi anka sake shi, inda Baba shike kwance. Ni wakili na kurum, na biyu ya ishe ni."

An kawo ta a 'yar tasa. Mutumin da aka ce kwana uku ko kunu ba ya wuce masa, ya ɗauki kan kawarar nan ya ci, ya tsotse ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, ya dafa kaina da hannun da bai wanke ba ya sa mini albarka da irin kalmomin da Baba yake faɗa. Dattawa suka kurɓi romo cokali-cokali, ɗayansu ya tambaye ni yadda na ga ruwan Yelwa bana, ya kuma tsaya ya ji amsata. Na yi kuka a gabansu, ban ji kunya ba. Da suka fita muka rage mu biyu, Yaya ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Sai dai ka daɗe, Malam. Kullum in na ji mota ta tsaya bakin hanya, sai in ce Ladi ta leƙa."

Kwana goma sha ɗaya suka rage masa a duniya. Na yi su duka a gefen tabarmarsa, ban je ko'ina ba, amma ba su kai arba'in da biyu ba.